Zanen Kurmazau

Ranar Alhamis ana cikin hutun tara saƙon ya shigo wayar Malam Mannir. Yana zaune gindin bishiyar bedin da ke gaban ofishin hedimasta a firamaren Tsaskiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana lissafin saura kwana biyu. Matarsa Murja tana Wagini gidan iyayenta wankan jego, haihuwar fari, kuma ranar Asabar take cika arba'in. Ya share ɗaki, ya wanke labule, ya ɗaura sabon gidan sauro. 'Yarsa Ramlat sau biyu kacal ya taɓa ɗaukarta, kuma duka biyun barci take yi.

Ya buɗe saƙon yana murmushi. Ga abin da Murja ta rubuto: "Baba ya ce kada ka zo daukata sai an gama maganar zane."

Ya karanta sau uku. Ya kira, waya ta ce ba a samun lambar. Sabis ɗin Wagini sai mutum ya hau tudun bayan masallaci yake kamawa, mai jego kuwa ba ta hawa tudu. Ya sake karantawa, murmushin ya tafi, kansa ya ɗaure tamau.

Hausa a baki ba ta ruɗa mai ita. Da Murja ta faɗa da muryarta, da tun daga yadda ta ja kalmar zai san inda ta dosa. Amma a rubuce haruffa huɗu ne kawai, kuma mutum na iya ɗaura su a ƙugu, ko ya yi su da fensir, ko a yi masa su da bulala.

Ya kai wa abokinsa Malam Ɗahiru, mai koyar da addini, wanda ya yi aure shekara goma sha biyu kuma yake ganin babu abin da ya rage masa bai sani ba game da surukai.

"Zanen ɗaurawa ne," in ji Ɗahiru ko dogon tunani bai yi ba. "Mai jego ba ta komawa da tsohon zane. Ka yi mata?"

"Na yi na fitar suna."

"Na suna daban, na komawa daban. Ku mutanen Funtuwa komai sai an karanta muku."

Mannir ya ɗan ji sanyi. In dai atamfa ce, ai da sauƙi. Duk da haka ya tura tambaya: "Wane zane?" Amsar ba ta iso ba sai Juma'a da hantsi, kuma da ta iso ɗin gara jiya da yau: "Naka da na Baba."

"To fa," in ji Ɗahiru, ya cire hula ya sosa kai. "Kai ba ka ɗaura zane, tsohon ma ba ya ɗaurawa. Ko dai zane ka zai yi?"

"Me na yi masa?"

"Ko kai ka taɓa zane wani nasu? Babu ɗan Wagini a ajinka?"

Babu. Mannir ko tsawa bai iya ba, yara sun daɗe da gane haka. Can sai Ɗahiru ya buga cinya, ya nuna shi da yatsa da fuskar wanda ya daɗe yana jiran wannan rana.

"Allolin nan naka! Ban faɗa maka ba?"

A nan sai an ɗan koma baya. Mannir mai zane ne tun yana yaro, irin wanda ake kora daga aji saboda ya cika bayan littafin lissafi da dawakai. Da aka turo shi Tsaskiya, inda in an tashi makaranta ba abin yi sai kallon awaki, sai ya fara wani labari cikin hotuna, gida-gida a kan shafi, maganar kowa na fitowa daga bakinsa cikin ɗan da'ira. Ya ƙagi wata duniya da ya kira Rumbu Bakwai: rumbuna ne guda bakwai, wani a kan wani. Mutane suna zaune a na ƙasa. A na can ƙoli akwai waɗanda ya kira Masu Riƙo, kowannensu da abin da aka ba shi ya riƙe. Wulwula ta ƙulle iska a haɓar mayafinta, in ranta ya ɓaci sai ta kwance. Garwasau yana ajiye wuta a kumatu, shi ya sa ba ya dariya. Gyangyaɗau shi ke raba wa duniya barci, amma kullum shi yake fara sha.

Babbansu shi ne Kurmazau, mai riƙe da ruwan sama a cikin gora. Ranar da aka fara tsawa a wannan duniya, a gindin kunnensa ta fashe, tun daga ranar bai ƙara jin komai ba. Mutanen rumbun ƙasa suna ta kururuwa, suna kaɗa ganguna, shuka na bushewa, shi kuma yana zaune da gorarsa tsakanin gwiwoyi yana jiran a tambaye shi. Sai wata yarinya, 'Yar Tsani, ta ɗaura niyyar hawa rumbu bayan rumbu har ta kai gare shi. Shafi sittin da biyu Mannir ya yi, kuma yarinyar tana rumbu na biyar.

Kowane mako yakan ɗauki hoton shafi biyu ya saka a waya, mutane suna turawa juna. A kan kowane shafi ya rubuta da jan biro: "Ƙagaggen labari ne. Babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah." Ɗahiru ya sha gaya masa wannan ba zai cece shi ba. "Kai ka ce Masu Riƙo, masu karantawa alloli suke cewa. Wata rana zai faɗa hannun wanda ba ya wasa."

To ga shi ya faɗa. Malam Lawal, mahaifin Murja, ba mutumin wasa ba ne. Manomi ne, dattijon da ake kira in an yi rigimar iyakar gona ko shanu sun yi ɓarna, ya saurari kowa ya yanke, kuma ba a tayar da maganar bayansa. Mannir yana jin tsoronsa, kuma a ransa ya daɗe da yarda tsohon ba ya ƙaunarsa. Shekara biyu yana zuwa gaisuwa, bai taɓa samun amsar da ta wuce kalma uku ba.

"Amma ta ce da na Baba," in ji Mannir. "Baba yana zane ne?"

"Wannan kuma ban sani ba," in ji Ɗahiru. "Ka tafi da atamfar dai, ko da wani abu."

Haka aka yi. Asabar da sassafe ya hau babur, ya tsaya Batsari ya sayi turmi biyu, ya ɗaure su a baya tare da littafin zanen. Duk hanya yana haddace jawabi kan tauhidi, da bambancin tatsuniya da aƙida. Gonaki dama da hagu an yi shuka, gero ya fito kamar tsawon yatsa ya tsaya, kwana goma sha tara ba ɗigon ruwa. Ganyen duk ya nannaɗe.

A ƙofar gida ya tarar da Nasiru, yayan Murja, mai shagon cajin waya. Da can da wasa suke gaisawa. Yau hannu kawai ya ba shi, ya ce, "Shina zaure." Dattawan da ke zaune a inuwar tsallaken hanya suka bi Mannir da kallo, wani ya ce wani abu, aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Mannir ya cire takalmi tun daga waje. Ya shiga ya durƙusa can nesa da tabarma, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Suruki ba a kallon fuskarsa, ba a ɗaga masa murya, wannan ko a Funtuwa haka ne. Abin da Mannir ya sani na Malam Lawal shi ne ƙafafunsa: faso a dugadugai, da babban yatsan hagu da farcensa ya taɓa fita.

"Barka da hantsi, Baba. Mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau."

"Ya jiran ruwa?"

"Suna lafiya."

Ka ji irinta. Kullum haka, a tambaye shi gabas ya amsa yamma. Zuciyar Mannir ta ƙara karyewa. Ya tura ledar atamfa gaba da hannu biyu.

Tsohon ya jawo ta, ya leƙa. "Mi ne ne wanga?"

"Zane ne, Baba. An ce akwai maganar zane."

Nasiru, da ke tsaye bakin ƙofa ya harɗe hannuwa, ya yi wani irin tari ya juya baya. Kafaɗunsa suna rawa. Mannir ya gane ba nan ba ne, gumi ya karyo masa. Sai ya kama ɗayan, zanen littafinsa. Ya fara jawabin da ya haddace, idonsa a kan tabarma, muryarsa ƙasa-ƙasa don ladabi. Ya ce shi Musulmi ne ɗan Musulmi. Ya ce Masu Riƙo ba abin bauta ba ne, kamar su dodo ne a tatsuniya. Ya ce ya rubuta a kowane shafi da jan biro. Ya yi kusan minti biyar yana zuba, tsohon bai ce uffan ba.

"Malam, tsaya," in ji Nasiru. "Ba wannan ba ne. Liman ya gani, ya ce tatsuniya ce, ya ce dai siffanta mai rai akwai magana a kai, amma ba shi ya kawo mu nan ba."

"To mene ne, Yaya Nasiru? Wallahi kaina ya kulle. Na kawo zane an ce ba shi ba. Na yi bayanin zane an ce ba shi ba. Saura wanne? In dukana za a yi, a yi, in tafi da iyalina."

Nasiru ya zaro waya, ya lalubo hoto, ya miƙa masa. Kurmazau ne, shafi na goma sha ɗaya, inda Mannir ya cika shafin da fuskarsa kaɗai. Doguwar fuska, farin gemu siriri, tsaga uku-uku daga gefen ido zuwa haɓa, da ɗan gajeren bille a gefen hanci na dama.

"Ka gani?"

"Ni na zana shi."

"To dubi Baba."

Mannir bai motsa ba. Wuyansa ya ƙi. Sai ya ji murya daga bayan ƙofar cikin gida, muryar Murja da ya daɗe yana marmari.

"Malam, ka ɗago ka dube shi. Kuma in za ka yi magana ka bari ya ga bakinka. Duk abin da ka faɗa tun ɗazu bai ji ko ɗaya ba."

Ya ɗago a hankali. Ya wuce gwiwa, ya wuce tasbaha, ya wuce wuyan riga. Ga Kurmazau zaune a kan tabarma yana kallonsa. Gemun, da tsagar, da billen a gefen hanci na dama. Zanen fuska. Na huɗun ke nan, wanda shi da Ɗahiru duk wayonsu ba su tuna da shi ba.

Mannir zai iya rantsuwa bai taɓa kallon fuskar nan ba. Amma ido ɓarawo ne, wataƙila ranar ɗaurin aure, wataƙila wata rana da tsohon ya juya yana alwala. Idon ya ɗauka ya ajiye, hannu ya zo ya fitar, shi mai su bai sani ba.

Malam Lawal ya yi magana, muryarsa ta ɗan fi ƙarfin zauren, irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Shekara shida ke nan kunnena ya tafi. Daga uwar ɗiyan nan sai su biyu suka sani. In an kira ni sulhu, bakin mutane nike kallo, abin da ya kuɓuce mani Nasiru shi faɗa mani a hanya. Ba wanda ya gane. Yanzu in na fito, sai in ga bakinsu shina cewa Kurmazau. Jiya wani ya ce mani in taimaka in buɗe gora, shuka za ta mutu. Wancan makon an yi rigimar gona a Yasore, ba a aiko mani ba." Ya nuna ƙofar cikin gida da haɓa. "Ita ta kai maka asirina, kai kuma ka raba ma duniya. Ɗiyar da za ta yi mani haka, da mijin da zai yi mani haka, ban ga abin da zai sa in haɗa su ɗaki guda ba sai na ji dalili."

"Na rantse masa ban faɗa ba," in ji Murja. "Ya ƙi yarda."

Sai yanzu abubuwa suka fara zama a kan Mannir ɗaya bayan ɗaya. "Suna lafiya." Shekara biyu yana gaida ƙasa, tsohon yana kallon tsakiyar hularsa yana cankar amsa. Kunya ta kama shi, da tausayi, da wani haushin kansa da bai san inda zai ajiye ba.

Ya buɗe baki, maganar ta fito a hankali kamar kullum.

"Da ƙarfi," in ji Nasiru.

Mannir bai taɓa jin abu mai nauyi irin wannan ba. Ya kalli surukinsa ido cikin ido, ya ɗaga murya har ta fita waje.

"Baba, wallahi ban sani ba! Murja ba ta faɗa mini ba! Ni na ɗauka ba ku so na ne!"

Tsohon ya ƙura wa bakinsa ido. "To don mi ka yi shi kurma?"

"Don ban so ya zama mugu ba! Ina neman dalilin da zai sa mai ruwa ya hana ruwa, kuma ba don mugunta ba! Sai na ce bai ji ana roƙo ba ne!"

A cikin gida jaririya ta fara ƙananan kuka, aka jijjiga ta. Malam Lawal ya daɗe yana kallon Mannir, sannan ya sauke ido kan ledar da ke gabansa. Ya zaro turmi ɗaya, shuɗi mai zanen ganye, ya juya shi. Gefen bakinsa ya motsa.

"Nasiru, wanda ya san abin da ya aikata, shina zuwa da atamfa?"

"Ba ya zuwa, Baba."

"Wanga bai san komi ba. Wauta ce tsagwaronta." Ya ajiye turmin. "Miƙo littafin."

Mannir ya miƙa. Tsohon ya yi ta buɗawa da yatsa mai kaushi. Ya tsaya kan Gyangyaɗau ya ce wannan ya san irinsa a masallaci. Ya zo kan fuskar, ya daɗe.

"Zan goge tsagar, Baba! Zan sake masa fuska, in saka sanarwa!"

"Bayan an gani? Sunan ya riga ya zauna, ko ka ƙone littafin." Ya shafa kuncinsa na hagu. "Kuma nan huɗu ne, ba uku ba. Wanzamin da ya yi mani ya ƙara guda, don kakana haka tashi take. Daga ni babu sauran mai ita, yanzu ba a yi ma yara. In za ka tona ni, ka tona ni daidai."

Mannir ya rasa ko dariya zai yi ko kuka. Ya ce to.

"Ita yarinyar mai hawa, in ta kai, mi za ta yi mashi?"

"Ban zana ba tukuna! Na yi niyyar ta yi masa ihu a kunne, in bai ji ba ta fasa gorar!"

Tsohon ya girgiza kai. "Ba ka san kurma ba. Ihu ba ya yi mana komi sai kunya. Taɓa shi za ta yi, shi juyo, ta bari shi ga bakinta." Ya rufe littafin ya tura masa. Sannan ya ɗaga murya wajen ƙofa. "Murja, haɗa kayanki. Ku kama hanya tun rana na sama."

Ba a ɗauki awa ba aka gama. Manyan kaya za a aiko da su ranar kasuwa, jaka ɗaya aka ɗaure a gaban babur. Murja ta fito da Ramlat a goye, ta yi haske, idonta ya kumbura. Mannir yana son ya ce mata abubuwa da yawa, amma ga mutane, sai ya ce ta riƙe da kyau.

Malam Lawal ya rako su ƙofar gida, sannan ya juya ya ba su baya, yana duban gabas inda wani ɗan gajimare ya taso. Dattawan tsallaken hanya duk suna kallo.

"Baba, mun tafi," in ji Murja daga kan babur.

Bai juyo ba.

"Baba, sai mun zo."

Ko motsi. Nasiru ya shiga ciki ɗauko wani ƙulli, babu mai yi masa alama. A tsallaken hanya wani ya zunguri na kusa da shi. Mannir ya ji hannun Murja ya damƙe rigarsa, ya ji numfashinta ya sauya.

Ya kashe babur, ya kafe shi, ya sauka. Ya taka har inda tsohon yake, a gaban idon kowa, ya ɗaga hannu ya dafa kafaɗar surukinsa. Malam Lawal ya zabura ya juyo. Mannir ya tsaya inda zai ga bakinsa sosai, bai ɗaga murya ba.

"Mun tafi, Baba."

Tsohon ya dubi bakin, ya dubi 'yarsa da abin da ke bayanta, ya dubi tsallaken hanya. Ya gyara tsayuwa.

"Ai na ji," ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "Allah shi kiyaye hanya."